Ku Tambaya Mu Amsa: Marubucin da Ke Son Shirya Fim Ɗinsa da Kansa

Yawancin wasiƙun da suka shigo mana a wannan watan daga matasa masu rubutu suke, waɗanda ke son shiga harkar fim ba tare da sun jingina da babban kamfani ba. Mun zaɓi tara muka miƙa wa ma'abota sana'ar, wato marubucin fim da furodusa da mai ɗaukar hoto da edita, muka haɗe amsoshinsu wuri guda.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gama NCE bara, ina da labarai cike da littafin rubutu uku, burina in zama marubuci kuma darakta mai cin gashin kansa. Ba ni da ubangida a Kannywood. Makaranta zan nema ko Kano zan tafi? Daga wani matashi, Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanenmu. Idan da hali, makaranta tana da amfani. Akwai cibiyar koyar da fim ta ƙasa a Jos, ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, sannan Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero suna da sashen wasan kwaikwayo. Can za ka samu ƙa'ida, ka kuma samu sa'o'inka da za ku yi aiki tare nan gaba. Amma ko ka yi makaranta sai ka je lokeshin, wato wurin ɗaukar fim, domin a nan ne za ka ga yadda rana take ƙarewa alhali saura fitowa biyar ba a ɗauka ba, da yadda darakta yake yanke shawarar wacce za a sadaukar.

In ka je, kada ka nemi a sa ka a fim. Nemi aikin kontiniti. Shi ne mai riƙe da takardar labari a gefen darakta, yana rubuta ɗauka ta nawa ce ta yi kyau, wace riga jarumi ya sa, a wane hannu kofin shayi yake lokacin da aka tsaya. Babu kujerar da ta kai wannan koyarwa, kuma ba a rububinta. Bayan fim uku ko huɗu, roƙi edita ya bar ka ka zauna a bayansa. A teburinsa za ka ga hoton da aka manta ba a ɗauka ba da irin wahalar da rashinsa ke jawowa.

Ka kuma san kasuwar da za ka shiga. A zamanin kaset da faifan CD, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata su ne ƙofar da kowane fim ke bi. Masu tura wa mutane fina-finai a waya sun karya wannan kasuwa, yanzu fim mai dogon zango a YouTube da tashoshi irin Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, su ke jan ragama. Ƙofa ta buɗe wa kowa, shi ya sa cunkoso ya yi yawa kuma kuɗi ke jinkirin zuwa. Saboda haka kada ka saki abin da ke ciyar da kai. Yawancin masu cin gashin kansu da ɗaukar biki, tallar 'yan kasuwa, wasan rediyo, fim ɗin wayar da kai na ƙungiyoyi da rubuta wa wasu labari suke riƙe kansu a shekarun farko. Cikin littattafanka uku kuwa, tsamo labari ɗaya da za a iya ba da shi a minti 10, da shi za ka fara.

Tambaya: Malamai barkanku da aiki. Ni marubuciya ce, ina sakin littattafaina a WhatsApp da Wattpad. Wani furodusa ya kira ni yana son mayar da ɗaya fim mai dogon zango, ya ce in faɗi kuɗina ya turo. Ban taɓa sayar da labari ba, ina tsoron a cuce ni. Daga wata marubuciya, Zariya.

Amsa: Malama, tsoronki yana bisa hanya, kuma takarda ce maganinsa. Kafin a zo maganar kuɗi, ki san abin da kike sayarwa. Littafi ɗaya yana ɗauke da haƙƙoƙi daban-daban: na bugawa, na karantawa a rediyo ko YouTube, na fassara, na mayarwa fim. Na ƙarshen nan kaɗai furodusa yake buƙata. Idan kika ce masa a waya "na sayar maka da labarin", gobe yana iya cewa har littafin ya saya, ke kuma ba ki da abin nunawa.

Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta aka sa mata hannu a 2023, ta ce miƙa haƙƙi ɗungurungum, ko ba mutum ɗaya izinin da ba wanda zai yi tarayya da shi, ba ya tabbata sai a rubuce. Haƙƙinki ya fara tun ranar da kika rubuta littafin, kuma yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Rajista a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ba dole ba ce, amma hujja ce mai ƙarfi ranar da rigima ta taso. Sai dai ki lura, doka ba ta kare gundarin tunani. Rikicin kishiyoyi a kan gado na kowa ne. Naki shi ne yadda kika tsara shi, da mutanen da kika ƙirƙira, da kalmominki.

Takardar ba sai ta wuce shafi biyu ba, da Hausa ma ta wadatar. A rubuta sunan littafin, a ce izinin fim kaɗai aka bayar. A faɗi zango nawa, domin fim ɗin da ya karɓu ana jan sa har zango biyar ko fiye, a kan kuɗin da aka biya na ɗaya. A sa wa'adi: idan shekara biyu ta cika ba a fara ɗauka ba, izini ya dawo hannunki. Labarai da yawa sun mutu a durowar furodusa saboda rashin wannan layin. A faɗi yadda sunanki zai fito a farkon kowane kashi. A faɗi wanda zai rubuta sikirif, wato labarin a tsarin da za a ɗauke shi fim, in ke ce, wannan aiki ne daban da kuɗinsa daban. In akwai abin da ba ki yarda a canza ba, kamar ƙarshen labarin, a rubuta shi. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa.

Game da biya, rabi ranar sa hannu, rabi kafin ranar farko ta ɗauka. Kada ki yarda da "sai fim ya fita". In ya ce zai ba ki kaso cikin riba, a ganinmu gara ki karɓi tsayayyen kuɗi a kan kowane kashi, domin riba lissafi ne da yake hannunsa shi kaɗai. In har kaso za ki karɓa, ya zama daga abin da tashar da ke nuna fim ɗin ta samu kafin a cire kuɗin da aka kashe, kuma a rubuta cewa za a riƙa nuna miki shafin kuɗin tashar duk wata.

Tambaya: Na rubuta fim shafi 60 na kai wa wani darakta, ya duba ya ce wannan littafi ne ba sikirif ba. Mene ne bambancin? Daga wani ɗalibi, Katsina.

Amsa: Littafi yana shiga zuciyar mutum ya faɗo abin da ke ciki, kyamara kuwa abin da ido ke gani da abin da kunne ke ji kawai take ɗauka. Idan ka rubuta "ta tuna wulaƙancin da ya yi mata, zuciyarta ta yi ƙunci", ba ka ba jaruma abin yi ba. Rubuta: "Ta dire masa kwanon abinci ba ta dube shi ba. Ya yi mata sannu. Ta naɗe tabarmarta ta shige ɗaki." Ƙuncin ya fito ba tare da an ambace shi ba.

Kowace fitowa tana farawa da layi ɗaya mai ɗauke da lamba, ciki ko waje, wuri, da lokaci, kamar haka: 14. CIKI. FALON ALHAJI. DARE. Da wannan layin furodusa zai tattara duk fitowar da ke falon nan a ɗauke su rana ɗaya, ko da a labari wata uku ne tsakaninsu. Babu shi, babu jadawalin aiki, babu kasafi. Ƙarƙashinsa a taƙaita abin da ake gani, sannan sunan mai magana da maganarsa.

A ƙa'ida shafi ɗaya minti ɗaya ne, amma kada ka dogara da wannan a Hausa. Tara abokai su karanta da ƙarfi kana duba agogo. Za ka ga inda minti ke zubewa: sallama, ina wuni, ya gida, ya yara, a kawo ruwa. Shiga fitowa bayan an gama gaisawa, ka fita da zarar abin da ya kawo su ya faru. Ka bar gaisuwa inda take ɗauke da ma'ana, kamar suruka ta ƙi amsawa. Duk fitowar da ka cire labari bai girgiza ba, dama ba ta da aiki.

In dogon zango ne, rubuta ƙarshen zangon kafin farkonsa, kuma ka kammala dukkan kashi-kashin kafin a kunna kyamara. Rubutu a lokeshin shi ke haifar da labarin da ke ta zagaye. Ka kuma tanadi mafita ga manyan taurarinka, domin jaruma tana iya yin aure a tsakiyar zango ta bar fim, jarumi yana iya yin tafiya.

Tambaya: Na tara ɗan abin da na tara, ina son in ɗauki gajeren fim ɗina na farko. Kyamara zan fara saya? Mutum nawa nake buƙata, kuma ina aka fi samun matsala? Daga wani mai shagon ɗinki, Kaduna.

Amsa: Malam, kada ka sayi kyamara. Yi hayarta tare da mai ita na kwanakin aiki, shi ya san halinta, kuma in ta samu matsala ba jarinka ne ya nutse ba. Tsara labarin daidai aljihunka: shafi 10, 'yan wasa uku ko huɗu, wuri biyu da ke kusa da juna, yawanci da rana. Sabon darakta da ke son aiki mai kyau shafi uku zuwa huɗu yake iya ɗauka a yini, ka ga kwana uku ke nan. Mutum shida sun isa: kai, mai kyamara, mai sauti, mai haske, kontiniti, da mai kula da abinci da sufuri da jama'ar unguwa.

Abin da ke cinye kuɗi ba a cika lissafa shi ba: abincin mutum goma sau biyu a rana, ruwan sha, man janareta, kuɗin mota. Ware kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinka don edita da gyaran sauti, ka ɓoye shi kamar babu, domin fina-finai da yawa an ɗauke su sun kwanta a kwamfuta babu kuɗin haɗawa. Ware kuma kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na ko-ta-kwana. Kafin ranar aiki, je ka gaida mai unguwa, ka nemi izinin maigidan da za a shiga gidansa, ka faɗa masa mutum nawa ne da ƙarfe nawa za ku tashi. Kowane ɗan wasa ya sa hannu a takardar amincewa, yaro kuma mahaifinsa ya sa masa.

Inda aka fi faɗuwa shi ne sauti. Mai kallo a waya yana haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma in bai ji magana ba zai wuce. Kada ka dogara da makirfon jikin kyamara. A ɗaura makirfo a sanda, a riƙe shi saman kan mai magana, tazarar santimita 30 zuwa 50, bakinsa na kallon bakin mai maganar, mai sauti kuma kada ya cire abin ji daga kunnensa. A kashe fanka da firji. Janareta a kai shi bayan katanga da waya mai tsawon mita 30 ko fiye. Ziyarci wurin tun kafin ranar, a daidai lokacin da za ku yi aiki, ka tsaya shiru ka saurara: akwai injin markaɗe a maƙwabta? Titin adaidaita sahu ne? Ƙarfe nawa 'yan Islamiyya ke tashi? Sa hutun cin abinci ya dace da lokacin salla. Da damina, ɗaki mai rufin kwano ba silin ba ya ɗaukuwa in ruwa ya sauko. Falo mai tayil da babu labule yana amsa-kuwwa, a shimfiɗa darduma a rataya barguna inda kyamara ba ta gani. Kafin ku bar kowane wuri, kowa ya yi tsit a ɗauki shirun ɗakin na daƙiƙa 30, da shi edita zai cike gurbi tsakanin maganganu. A tafa hannu sau ɗaya gaban kyamara a farkon kowace ɗauka, don a samu inda za a daidaita sauti da hoto.

Sai haske. Daga ƙarfe 11 zuwa 3 rana tana tsakar ka, tana zuba inuwa a ramin ido, don haka yi aikin cikin ɗaki a lokacin, ka bar na waje wa safiya da bayan la'asar. Farar shadda ƙal a jikin mai duhun fata tana wahalar da kyamara: in an gyara don fuska riga ta ƙone, in an gyara don riga fuska ta nutse. Zaɓi ruwan toka, shuɗi ko ruwan ƙasa. Farin kwali babba ya isa ya mayar da haske fuska. Da hunturu hazo yana tausasa rana, amma kada a canza gilashin kyamara a fili saboda ƙura.

Kowace fitowa a ɗauke ta daga nesa sau ɗaya, sannan kusa da fuskar kowane mai magana, sannan ƙananan abubuwa kamar hannu, ƙofa, kwano. In mutum biyu na fuskantar juna, kyamara ta tsaya a gefe ɗaya na layin da ke tsakaninsu, in ta tsallaka za su fito kamar waje ɗaya suke kallo. A ɗauki hoton kowane ɗan wasa da waya kafin a fara. Ɗaurin ɗankwali yana canzawa, lalle yana dusashewa cikin kwanaki, jarumi kuma yana iya zuwa da sabon aski.

Tambaya: Duk abin da na ɗauka da dare a ɗaki, hoton sai ya riƙa kyaftawa da wasu layuka suna gangarowa. Kyamarar ce ta lalace? Daga Birnin Kebbi.

Amsa: Lafiyarta ƙalau. Wutar lantarkin Nijeriya da Nijar tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, wayoyi da kyamarori da yawa kuma suna zuwa a saite kan hoto 30 a daƙiƙa, wanda ya dace da wutar Amurka. Mayar da ita hoto 25, saurin shata, wato tsawon lokacin da haske ke shiga kowane hoto, kuma 1/50 na daƙiƙa. In bai daina ba, ƙwan fitilar ne mai araha, ko ƙaramin janareta ne ke hawa da sauka saboda an jona masa dutsen guga ko firji. Cire masa sauran kaya, ko ka koma fitila mai batir. Kuma fim ɗaya ya tsaya kan 25 daga farko har ƙarshe.

Tambaya: Mun ɗauki aikin kwana biyu, yaron kyamara ya goge katin ajiyar kyamarar bisa kuskure. Akwai dabara? Daga wata furodusa, Jos.

Amsa: Hajiya, a cire katin yanzu, kada a ƙara ɗaukar ko hoto ɗaya a kansa. Gogewa sau da yawa sunayen fayil take sharewa, hoton yana nan har sai an rubuta wani a kansa. A kai wa mai gyaran kwamfuta ya gwada manhajar dawo da fayil, ya kuma sauke abin da ya samu a wani wuri daban. Ana dacewa, amma ba kullum ba, musamman ga bidiyo mai tsawo.

Don gaba, kowane dare a kwafe kati zuwa ma'ajiyar fayil ta kwamfuta guda biyu, a buɗe fayil na farko da na tsakiya da na ƙarshe a tabbatar suna tafiya, sannan mutum ɗaya tak da aka ɗora wa alhakin ya ba da izinin gogewa. Ma'ajiyoyin biyu kada su kwana a jaka ɗaya. Kowace rana da jakar fayil ɗinta, da kwanan wata da lambar kati. Ki yi lissafin wuri tun da wuri: hoton 4K a megabit 100 a daƙiƙa yana cin kusan gigabait 45 a awa ɗaya. Ki guji kati mai arahar da ta wuce hankali, jabu ya yi yawa a kasuwa, yana nuna girman da ba shi da shi. Kwamfutar edita kuma ta kasance da batirin ko-ta-kwana, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar kwafi tana lalata ma'ajiya.

Tambaya: Ni ɗan Damagaram ne, ina son in zo Kano in ɗauki fim da jaruman can in sa a YouTube. Tunda ba sinima zan kai ba, sai na bi ta hukumar tace fina-finai?

Amsa: Sai ka bi, ɗan'uwa. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana yi wa masu sana'ar rajista, tana kuma duba fim kafin a sake shi, kuma ba ta ware na intanet ba. A watan Mayun 2025 ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 saboda sakin su ba tare da an kawo mata ba. Akwai kuma hukumar tacewa ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, ga fim ɗin da za a rarraba a faɗin Nijeriya.

Hanya mafi sauƙi gare ka ita ce ka haɗa gwiwa da furodusan Kano mai rajista da hukumar kuma ɗan ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN, ku rubuta wa ke da me. Ku je ofishin tun labari yana takarda, ku tambayi abin da ake buƙata a lokacin, domin sharuɗɗa da kuɗin rajista suna canzawa. Abubuwan da aka fi tsayawa a kansu su ne sutura, taɓa juna tsakanin mace da namiji, kalaman batsa, da abin da zai taɓa addini ko wata ƙabila. Gyara layi a takarda kyauta ne, sake tara jarumai bayan an ce a cire fitowa kuwa sabon kasafi ne. A gida kuma, ka yi wa labarinka rajista a ofishin kare haƙƙin mawallafa na Nijar, BNDA, a Yamai.

Tambaya: Wani Alhaji ya yarda zai zuba kuɗi in yi fim mai dogon zango, ni na rubuta ni zan ba da umarni. Ya ce a buɗe tashar YouTube da imel ɗin yaronsa. Yaya kuɗin YouTube yake, kuma in yarda? Daga wani darakta mai tasowa, Kano.

Amsa: Mu fara da kuɗin. Kafin YouTube ya fara raba maka kuɗin talla a dogon bidiyo, sai tasha ta samu mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. In an karɓe ka, kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar naka ne. Za a aiko da lambar tabbatarwa ta gidan waya, don haka a sa adireshin da wasiƙa ke isa. Ba a biya sai kuɗi ya kai dala 100. Abin da ake samu a kan kallo dubu ya danganta da ƙasar mai kallo, na Nijeriya da Nijar bai kai na Turai ko Amurka ba. Sabuwar tasha tana iya cinye zango guda ba ta mayar da ko kuɗin abinci ba. Faɗa wa Alhaji wannan tun yanzu, kafin ya ji a bakin wani. Shi ya sa masu dogon zango ke neman tallar 'yan kasuwa a cikin fim, masu atamfa, gidajen abinci, makarantu. Ka tantance abin da za ka tallata, musamman magunguna, don sunanka ne a jiki.

Kada ka sa kiɗa ko waƙar da ba ka da izininta a rubuce. Na'urar YouTube tana gane ta, kuɗin wannan kashin ya tafi wurin mai waƙar. In ka sa mawaƙi ya yi maka, ku rubuta cewa ba zai yi ƙorafi a kan tasharka ba. Kada kuma ka saki kashi na ɗaya sai kana da aƙalla shida a haɗe. Masu kallo suna riƙe rana da lokaci, in ka saɓa mako biyu sun koma wani wuri.

Batun imel kuwa, wanda ke riƙe da shi shi ke da tashar, da mabiyanta, da kuɗinta. Ƙari a kan haka, a dokar Nijeriya wanda ya yi tanadin shirya fim shi ake ɗauka mai shi, sai in an rubuta akasin haka. Ma'ana, in babu takarda, kana iya wayar gari ma'aikaci a fim ɗin da ka ƙirƙira. Ba zargin Alhaji muke ba, mai zuba kuɗi yana da haƙƙin ya ga inda kuɗinsa ke shiga. Mafita ita ce ku yi rajistar kamfani a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da sunanku ku biyu, a buɗe imel da asusun banki da sunan kamfanin, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, yaronsa a ba shi matsayin mai kula da tasha. A rubuta cewa Alhaji zai fara cire jarinsa, sannan a raba abin da ya biyo baya bisa kason da kuka amince. A rubuta ladanka na rubutu da na umarni daban, a biya ka shi lokacin aiki. A kuma faɗi wa ke da labarin in kun rabu, da wanda ke da ikon yin zango na gaba.

Tambaya: Na gama gajeren fim na minti 12. Yaya ake kai fim bikin baje koli? Daga wata ɗaliba, Maiduguri.

Amsa: Barka da ƙoƙari ƙanwarmu, tsawonsa ya yi daidai, masu tsara biki sun fi samun gurbi ga fim ɗin da bai kai minti 15 ba. A gida akwai KILAF a Kano, na fina-finan harsunan Afirka, da Zuma a Abuja, da AFRIFF a Legas. A Wagadugu akwai FESPACO, wanda aka fara a 1969, ana yin sa duk shekara biyu. Bukukuwa da yawa ta shafin FilmFreeway suke karɓa, wasu kyauta wasu da kuɗi, kuma ana iya rubuta musu a nemi rangwame.

Kada ki sa shi a YouTube tukuna, da yawa ba sa karɓar fim ɗin da kowa ya riga ya gani. Ki tanadi taƙaitaccen labarin a layi uku, hotuna masu kyau uku daga cikin fim, da ɗan tarihinki. Fassarar ƙasan allo ita ke kayar da finafinanmu a waje. Ki ba wanda ya iya Ingilishi sosai, ko Faransanci in Wagadugu kika nufa, wani daban kuma ya duba. Kada ta wuce layi biyu a lokaci ɗaya, kowane layi harafi 40 ko ƙasa da haka, karin magana kuma a fassara manufarsa. Ki ce wa edita ya fitar miki da kwafi ɗaya marar rubutu a jiki, fassarar tana fayil ɗinta daban, domin kowane biki da harshen da zai nema.